Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Abin da Ke Riƙe Masu Kallon Kokomu

 

Mai girma shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Malamaina da ke sahun gaba, 'yan'uwana marubuta, ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin, ɗalibai, da sauran jama'a maza da mata, barkanmu da war haka. Na gode da wannan dama da aka ba ni, kuma ina roƙon ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci, domin maganata ta yau kusan duk a kan mai sauraro take.

Shirin da zan yi bayani a kansa na gidan talabijin ɗin SBS ne da ke Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Cikakken sunansa da harshensu shi ne Kkorie Kkorireul Muneun Geunal Iyagi, amma masu kallo sun gajarta shi suna cewa Kokomu, ni ma haka zan riƙa kiransa. Ma'anar sunan ita ce labarin wata rana wanda wutsiya ke cizon wutsiya a cikinsa. Mu sai mu ce magana ce ke jawo magana, ka ja wannan zare ya fito maka da wancan. An gwada shi a watan Yuni na 2020, aka soma shi sosai a Satumbar wannan shekara, daga Oktoban 2021 kuma ya zama shirin kowane mako, daren Alhamis.

Wanda aka faɗa wa tsarinsa zai yi zaton ba zai kai labari ba. Babu dandali, babu makaɗa, babu gasa. Mutum uku ne masu ba da labari. Da farko akwai Jang Do-yeon, mai wasan barkwanci, da Jang Sung-kyu, wanda ya fito daga aikin gabatar da shirye-shirye, da Jang Hang-jun, daraktan fim. Da na ƙarshen ya bar shirin, sai abokinsa ɗan wasa Jang Hyun-sung ya gaje shi, wanda a da shi ma a kujerar sauraro yake zama. Kowannensu yana zaune a wurinsa daban, da mutum ɗaya tak a gabansa, wanda ake kira abokin labari. Dukansu ukun labari guda suke bayarwa, na wani abu da ya faru da gaske, galibi a tarihin ƙasarsu na kusa. Sama da awa guda mutane suna zaune suna magana, a ƙasar da ta shahara da shirye-shirye masu kashe kuɗi da ɗaukar ido. To me ya sa jama'a suka maƙale masa, musamman matasa?

Bari in ba ku labarin da aka fara gwajin shirin da shi.

Ranar Asabar 8 ga Oktoba 1988, kwana shida da rufe wasannin Olamfik na Seoul, wata mota ta ɗebi fursunoni daga gidan yarin Yeongdeungpo za ta kai su wasu gidajen yari a kudu. A kan hanya mutum 12 suka tsere. Aka yi ta kama su da ɗai-ɗai da bibbiyu, huɗu daga cikinsu kuma suka fake a gidan wasu bayin Allah a unguwar Bukgajwa, suka riƙe mutanen gidan. Ranar Lahadi 16 ga wata 'yan sanda suka zagaye gidan, gidajen talabijin suka kafa kyamara, ƙasa gaba ɗaya tana kallo kai tsaye. Jagoransu, Ji Kang-hun, ya leƙo ta taga yana magana da 'yan jarida. A nan ya furta kalmar da har yau 'yan Koriya ke maimaitawa, yujeon mujoe, mujeon yujoe, wato mai kuɗi ba shi da laifi, marar kuɗi shi ne mai laifi. Abin da ya sata, a kuɗin Koriya, won miliyan 5 da dubu 560 ne. Aka yanke masa shekara 7, aka ɗora masa wasu 10 na tsarewa a ƙarƙashin wata doka ta 1980 mai suna dokar kare al'umma, jimla 17. A cikin wannan shekara ta 1988 aka yanke wa Chun Kyung-hwan, ƙanen tsohon shugaban ƙasa Chun Doo-hwan, shekara 7 saboda wawure fiye da won biliyan 7, kuma bai cika su ba, a 1991 aka sake shi. A waccan rana ta Lahadi biyu daga cikin huɗun suka mutu a cikin gidan, Ji Kang-hun ya cika a asibiti bayan an harbe shi, ɗaya ya rayu. Dokar da ta ninka masa hukunci sai 2005 aka soke ta.

Jama'a, wannan labari ba ɓoyayye ba ne. Duk ɗan Koriya da ya manyanta ya san shi, wasu ma da idonsu suka gani a talabijin. Ke nan ba sabon labari Kokomu ya kawo ba. Abin da ya kawo shi ne fuskar mai sauraro.

Ku yi tunanin yadda aka saba gabatar da irin wannan tarihi. Murya ce ke fitowa daga sama, ba ka ganin mai ita, tana karanta kwanan wata da adadi, ana nuna tsofaffin hotuna, can kuma a kawo masani ya yi fashin baƙi. Wannan murya da kowa take magana, saboda haka ba ta magana da kowa. A Kokomu kuwa, mai labari yana duban idon mutum ɗaya. Yakan fara da shekara da wuri da wani mutum da ba kowa ba, wata uwa da ta tashi ɗora tukunya, ko wani yaro da aka aika. Sai ya tsaya ya tambayi abokinsa: kai a ganinka me ya tarar? Abokin ya yi hasashe, sau da yawa ya kuskure. Sai a miƙa masa hoto, ko takardar kotu, ko wasiƙa, a ce ya karanta da bakinsa. Kyamara tana kan fuskarsa. Kana ganin lokacin da dariya ta ɗauke, lokacin da ya gyara zama, lokacin da muryarsa ta sarƙe a tsakiyar layi ya kasa ƙarasawa. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan shiri ya gane cewa fuskar da ya kamata a tambaya ita ce ta wanda labarin ke shiga zuciyarsa a karon farko.

Ga kuma gwanintar masu yankan hoto. Ɗaya daga cikin masu labarin zai ɗauko jimla a ɗakinsa, na biyu ya ƙarasa ta a nasa, na uku ya jefa tambaya. Kana jin labari ɗaya ba yankewa, amma kana ganin yadda ya sauka a zukata uku. Wannan ya fusata, waccan ta yi shiru hawaye na zuba, wancan yana ta tambaya. Kai da ke gida sai ka tarar da kanka cikin ɗayansu. Ni dai duk lokacin da na kalla, ta hanyar fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, nakan ji ni ne na huɗu a zaman, har in kama kaina ina amsa tambayar da aka yi wa wani.

Akwai wani abu da fassara ba ta iya ɗaukowa, kuma ina ganin a nan rabin sirrin yake. Harshen Koriya yana ɗauke da girmamawa a jikin aikatau. Ƙarshen kowace jimla yana nuna matsayin wanda kake magana da shi. Suna da jondaenmal, maganar ladabi, da banmal, maganar tsara da tsara. Labaran talabijin da jawabin hukuma da darasin makaranta duk da harshen ladabi ake yin su. Kokomu da banmal ake yin sa. Mu da muke cewa ku ga babba, kai ko ke ga aboki, mun san tazarar da ke tsakanin "ranka ya daɗe, ga abin da ya faru" da "kai, zauna ka ji abin da ya faru". Ta farkon rahoto ce, ta biyun amana ce. Juyin mulki da ɓarnar hukuma da bala'in da ya ci ɗaruruwan rayuka, duk an sauko da su daga mumbari an zaunar da su a kan tabarma, cikin harshen da mutum ke yi wa abokinsa hira bayan an tashi aiki.

Kuma kada mu ɗauka wannan dabara daga sama ta faɗo musu. A ƙarshen zamanin daular Joseon akwai masu sana'ar karanta labarai a bainar jama'a da ake kira jeongisu. Mutum zai zauna a bakin gada ko a kasuwa yana karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, in ya kai inda rai ya rataya sai ya yi gum, ba zai ci gaba ba sai an jefo masa kuɗi. Kundin tarihin Sarki Jeongjo ya ambaci wani mai karatu a shagon taba a Jongno wanda wani mai sauraro ya soke shi har lahira, saboda ya kai wurin da aka zalunci jarumin labarin, shi kuwa mai sauraron ya kasa bambance mai karatu da azzalumi. Suna kuma da pansori, waƙar labari ta mutum ɗaya da makaɗi ɗaya, wadda UNESCO ta sa cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2003. A pansori makaɗi da 'yan kallo suna jefa kalmomin ƙarfafawa da ake kira chuimsae, kuma in babu su waƙa ba ta tashi. Wanda ya san aikin 'yan amshi a wurin makaɗanmu ya san abin da nake nufi. Zamanin fina-finai marasa murya ma suna da byeonsa, mai tsayawa gefen majigi yana ba da labarin fim da muryoyin 'yan wasa, har wasu suka fi 'yan wasan suna. Abokin labari na Kokomu jikan makaɗin pansori ne. Mu ma ai tatsuniya ba ta buɗuwa sai mai sauraro ya ba da izini: in ka ce ga ta nan ga ta nanku, aka yi shiru ba a amsa ba, a nan ka tsaya.

Sai dai Hausa ta raba tatsuniya da labari, kuma Kokomu labari yake bayarwa. A ƙarshensa babu mai cewa ƙurunƙus, domin mutanen da ake magana a kansu sun rayu, wasu suna raye. Wannan shi ne ke ba shi nauyi, kuma a nan nake so in ɗan daɗe.

Ku ɗauki rushewar kantin Sampoong, wanda shirin ya ba da labarinsa. Ranar 29 ga Yuni 1995, dab da ƙarfe shida na yamma, ɓangare guda na wannan katafaren kanti a unguwar Seocho ya rufta cikin kamar daƙiƙa 20. Mutum 502 suka mutu, fiye da 900 suka jikkata. Ginin hawa huɗu aka tsara, aka ɗora na biyar. An ja manyan na'urorin sanyaya ɗaki a kan rufin maimakon a ɗaga su, rufi ya tsage. A ranar da abin ya faru, tun da safe aka ga tsaga a hawa na biyar, shugabanni suka zauna taro, aka rufe wani ɓangare na sama, amma ba a fitar da masu sayayya ba. Wata budurwa 'yar shekara 19 sai bayan kwana 17 aka zaro ta da rai daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Mai kantin, Lee Joon, shekara 7 da rabi aka yanke masa daga ƙarshe.

Yanzu na karanta muku waɗannan alƙaluma, kun girgiza kai, kuma nan da gobe yawancinku za ku manta ko 502 ne ko 205. Ba laifinku ba ne, haka zuciya take, ba ta iya ɗaukar mutum ɗari biyar lokaci guda. Mutum ɗaya take iya ɗauka. Shi ya sa salon shirin yake da ƙarfi: yana sa ka bi mutum ɗaya tun daga safiya, ka san abin da ya kai shi wurin, ka san wanda ke jiransa a gida, agogo yana tafiya. Kai ka san abin da ke tafe, shi bai sani ba. In gini ya faɗi, a kan wanda ka sani ya faɗi. Daga nan in aka ce 502, sai ka ninka wannan mutum sau 502, kuma wannan lissafi ba ya fita daga rai.

Wani abin da ke ciyar da shirin shi ne irin tarihin da Koriya ta Kudu ta ratsa cikin ɗan lokaci. Yaƙi daga 1950 zuwa 1953, mulkin sojoji da magadansu daga 1961 har zuwa boren 1987 da ya kawo zaɓen kai tsaye, da bunƙasar arziki mai gudun gaske wadda ta taka mutane da yawa a hanya. Labarai da dama an binne su, wasu an juya su. Zangon farko na shirin ya buɗe da labarin Susie Kim, wata 'yar Koriya da mijinta ya kashe a Hong Kong a watan Janairun 1987. Hukumar leƙen asirin ƙasar ta san gaskiya, amma ta bar mijin ya fito gaban 'yan jarida a matsayin wanda ya kuɓuta daga hannun Koriya ta Arewa, aka ce matar 'yar leƙen asiri ce. Shekara 14 danginta suna ɗauke da wannan tambari, jama'a na ƙyamarsu, gidansu ya wargaje, har gaskiya ta fito a 2001, kotu kuma ta umarci gwamnati ta biya su diyya a 2003. Da shirin ya koma na kowane mako, da labarin Gidan 'Yan'uwa na Busan ya fara. Wannan wata cibiya ce da aka riƙa tara mutane a cikinta daga 1975 zuwa 1987 da sunan tsabtace tituna daga mabarata, bisa umarni mai lamba 410 na ma'aikatar cikin gida. Yara da aka tsinta a tashar jirgi, da ma'aikata da dare ya yi musu a hanya, duk an kwashe. Wani mai gabatar da ƙara ne ya fita farauta a ƙarshen 1986 ya ga ana sa mutane aikin dole, asiri ya tonu. Hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta tabbatar a 2022 cewa mutum 657 ne suka mutu a can. Shugaban cibiyar shekara 2 da rabi ya yi a kurkuku.

Matashin da aka haifa bayan 1995 ya taso cikin ƙasa mai arziki da 'yanci, waɗannan abubuwa in ma ya san su, a matsayin amsar jarrabawa ya san su. Iyayensa sun gani amma ba kowane uba ke iya buɗe baki ba. Shirin ya shiga wannan giɓi. Yana yi wa ɗa hirar da uba ya kasa yi masa. Kuma ina so ma'aikatan yaɗa labarai da ke nan su lura, wannan sauƙin da ake gani a fuska, akwai aiki mai yawa a ƙarƙashinsa. Wasiƙar da ake miƙa wa abokin labari sai da wani ya nemo ta. Tsohon ɗan sanda ko ɗan jarida ko mahaifiyar da ke bayyana tana ba da shaida, sai da wani ya yi ta sallama a ƙofarta har ta yarda. In babu wannan bincike, abin da zai rage tsegumi ne kawai mai daɗin ji.

Ba zan sauka ba sai na faɗi inda nake jin tsoro, domin ina son shirin, kuma wanda kake so shi kake faɗa wa gaskiya. Hawaye abu ne mai jan masu kallo, kuma duk gidan talabijin ya san haka. In aka saba cewa kowane mako sai baƙo ya yi kuka, wata rana kukan zai zama aikin da aka gayyace shi ya yi, kuma baƙin cikin wasu ya koma abin shaƙatawar dare. Na biyu, labari yana son jarumi. Ji Kang-hun ya faɗi gaskiya game da shari'ar ƙasarsa, amma ya riƙe iyali da bindiga a cikin gidansu, kuma mai labari mai daɗin baki zai iya sa ka manta da tsoron da 'ya'yan gidan suka kwana a ciki. Na uku, tarihi yana da rassa, labari kuwa hanya ɗaya yake so. Abin da masana ke jayayya a kai, mai labari yakan zaɓi ɗaya ya wuce, kuma da yake cikin harshen aboki ya faɗa maka, ba ka cika tuhumarsa ba. Amanar da ta sa shirin ya shiga rai, ita ce kuma za ta iya sa a haɗiye kuskure ba a tauna ba. A ganina abin da ya fi kare shi shi ne yawan mayar da magana bakin waɗanda abin ya shafa, su faɗa da kansu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan ta fi gaskiya.

A ƙarshen kowane zama, mai labari yakan juya ga abokinsa ya tambaye shi abin da ya ji a ransa. Ba masani ake tambaya ba, wanda ya saurara ake tambaya. Daga wannan lokaci labarin ya zama nasa, kuma ya iya ba wani. Wannan shi ne abin da na fi ƙauna a shirin: yana ƙarewa da sabon mai ba da labari.

Saboda haka ina da roƙo ga waɗanda ke wannan ɗaki. Ba na cewa a kwaikwayi Koriya, kujerun nan biyu, ta mai labari da ta mai sauraro, namu ne tun kafin a ƙirƙiro talabijin. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgin saman Kano, mutum 176 suka rasu. A waɗancan shekaru aka yi farin da ya cinye dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu a Nijar da arewacin Nijeriya. A Disambar 1980 aka yi rikicin Maitatsine a Kano. Waɗanda suka ga waɗannan ranaku da idonsu suna nan da ransu, amma ƙaraminsu ya ba hamsin baya, kuma kullum ana raguwa. Marubuta, ma'aikatan rediyo, ɗalibai, ku nemi ɗaya daga cikinsu cikin makon nan, ku durƙusa ku gaishe shi, ku nemi izininsa ku kunna abin naɗar magana, ku ce: Baba, a ina kake a ranar?